Tsakanin Kafe da Kife

Shafi na 23

Masu cewa na cika jan rai, yau ga tebur an shimfiɗa. Wanda ya riga ya yanke wa wani hukunci tun shafukan baya, ya riƙe hukuncinsa da kyau.

*

Agogo, autan gidansu, ya juya tsohuwar kalanda ta koma bayanta, ya danne kusurwoyin da kofuna huɗu. Ya zana bakin teku da shuɗin biro, ya ja layi biyu dogaye daga ruwa zuwa tudu, can gefe ya yi ɗan akwati ya rubuta "bukka".

Shekara biyu ke nan duk Asabar da la'asar yake rufe rumfarsa ta gyaran agogo ya zo falon yayarsa da wannan wasa. Shi ke jan labari, su kuma kowa da jarumin da yake magana da bakinsa. In ka ce za ka yi abu, sai ka jefa ƙwaya mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita za ta ce ka yi nasara ko ka kwashi kunya. Don Yaya ya kawo wasan, tunda jinyar Baba ta hana ta leƙa ko ƙofar gida.

Amma yau ba don ita ya zo ba. Yau tarko ya kawo.

Kwana bakwai da suka wuce, a ɗakin baya, Baba ya cafki wuyan rigarsa da hannunsa ɗaya mai aiki, ya faɗa masa abin da ya binne shekara goma sha tara.

Kowa ya san yadda aka yi musu fashi. Masuntan Baba suna da kira guda: in uwar taru, wato aljihun tsakiya inda kifi ke taruwa, ta maƙale a dutse, sai a yi ihu a ce uwa ta kafe. Kowa ya saki abin da ke hannunsa ya faɗa ruwa, har mai gadin bukka. Ran nan wani ya yi wannan ihun na ƙarya, aka bar bukka ba kowa, aka kwashe injinan jirgi biyu, aka sare wa Baba hannun dama da adda.

"Abin da ba wanda ya sani," in ji Baba, "ba kafe ya ce ba. Kife ya ce. Kife, Auta! Taru ba ya kifewa, jirgi ke kifewa. Babu masuncin da zai furta wannan kalma ƙafarsa na kan yashi. Shi ya sa kowa ya yi ruwa, ni na juya bukka. Wanda ya koya wa 'yan fashin kiran nan bai taɓa riƙe igiya ba. Ka samo min sunansa kafin in tafi."

Agogo ya ce masa, "Asabar, Baba."

Yau ce Asabar ɗin. Kuma ga mutumin da yake zargi zaune a gabansa, ya baje tumbi a kan teburin da Agogo ya share da hannunsa.

Manaja. Mijin Yaya. Wancan lokacin ɗan sayar da ƙanƙara ne mai yawo a bakin ruwa da silifa, kunne kullum a miƙe. Bayan fashin da shekara biyu sai ga shi da ɗakin sanyi na ajiye kifi, sai ga shi da 'yar mutumin da aka nakasa. Sati guda Yaya ta yi tana lallashinsa kafin ya yarda ya zauna wasan yau. A hannunsa akwai agogo ruwan zinari wanda Agogo ko daga ƙofa ya san jabu ne, kuma yana baya da minti huɗu. Bai taɓa faɗa masa ba. Daɗi yake ji mutumin na yawo da lokacin ƙarya.

"To, Mai agogo," in ji Manaja yana tona murafen kwalba da ɗan yatsa, "wanne ne ni a cikin tarkacen nan? Ka ba ni mai tsada."

Agogo ya tura masa wani da ya lotse.

"Wannan ne kai. Sunanka Dillali. Ba ka da makami, baki kawai gare ka."

"Ka ji min yaro. Gemu har ya fara fari, ana wasa da murfin lemo."

Likita ya yi dariya. Abokin Agogo ne tun suna samari, mai kemis a bakin titi, bai taɓa shiga ajin likitanci ba amma sunan ya bi shi. Ya miƙa wa Manaja ƙwayar.

"Riƙe wannan, ranka ya daɗe. Ita ce ƙwaya ɗaya da nake bayarwa ba sai da takardar asibiti ba."

Yaya ta fito daga ɗakin baya tana goge hannu da gefen zane. Ta zauna, ta zaro takardar jarumarta daga cikin leda. Kurciya, ɓarauniya mai hawa katanga. Takardar har ta yi laushi don taɓawa.

"Ya sha maganin, ya kwanta," ta ce. "Auta, fara. Kafin ya farka."

Agogo ya kafa kwalinsa a gabansa, wanda yake ɓoye lissafin wasan a bayansa. Ya sauke murya.

"Hantsi ne. Kwananku uku ba ku sa komai a baki ba. Kuna kwance a bayan tudun yashi. A gabanku masunta ne sahu biyu, sha biyu a igiyar dama, sha biyu a ta hagu, suna jan taru suna ja da baya. Ga bukka can. A cikinta akwai fitilu biyu na tagulla masu kiran kifi daga ƙasan ruwa. Duk arzikin mutanen nan su ne. A ƙofa mai gadi ne zaune da mashi."

Yaya ta ɗago kai a hankali.

"Auta. Wannan wane irin labari ne?"

"Labari ne, Yaya."

"Duk faɗin duniyar da ka ƙirƙira, ka rasa inda za ka kai mu sai bakin ruwa?"

"Nan hanya ta biyo."

"Ƙyale shi," in ji Manaja. "Ɗan masunci ko a mafarki ƙarnin kifi yake ji."

Agogo ya haɗiye abin da ya taso masa. Ji mai maganar ƙarni. Mutumin da kullum yake wanka da turare don kada a ji sana'arsa a jikinsa.

"Likita, kai ne farko. Me jaruminka Ƙato zai yi?"

"Ni Ƙato ba na dogon tunani. In tashi in kwaɗa wa mai gadin nan kulki a ƙeya."

"Jefa."

Ƙwaya ta gangara ta tsaya a uku.

"Ka taka hanjin kifi, santsi ya kwashe ka, ka zauna daɓas. Kulkin ya yi tsalle ya faɗo maka a ka."

"Kai! Wannan ƙwayar ta gama aiki, wallahi, a duba kwanan watanta."

Yaya ta yi dariya duk da ba ta so. Ta gyara zama, ta jawo murfinta ta zagaya da shi bayan bukkar.

"Ku maza ba ku da dabara. Ni ta baya zan bi, in yanka zanar bukkar in shiga."

"Jefa."

Sha bakwai.

Likita ya tafa. A kowace Asabar ta duniya sha bakwai ta isa Kurciya ta shiga ta fito ba a ji motsinta ba. Agogo ya duƙa bayan kwalinsa kamar yana duba wani abu. Ba abin da yake dubawa. Tun a rumfa ya yanke cewa ko ashirin ta jefa, Kurciya za ta shiga hannu. Shekara biyu bai taɓa yi musu maguɗi ba. Ya gaya wa kansa yau ɗaya ce, kuma don Baba ne.

"Kin yanka zanar. Kin sa kai. Hannu ya damƙe ki. Mai gadin ya kayar da ke, tsinin mashi a maƙogwaronki."

"Da sha bakwai?" in ji Likita.

"Wannan mai gadin ba irin na da ba ne."

"Amma dai..."

"Ni ke jan labari ko kai?"

Ya juya ga Manaja. Fuskarsa ko gezau.

"Saura kai, Dillali. Matarka na ƙasa. Masunta ashirin da huɗu sun fara waiwaye. Magana ɗaya ce za ta sa su duka, har mai gadin, su saki abin da ke hannunsu su faɗa ruwa. Me za ka ce?"

Manaja ya yi hamma.

"In saye mai gadin."

"Ba ya sayuwa."

"Kowa na sayuwa, ƙanina. Kai dai ba a taɓa taya ka ba ne."

"Na ce ba ya sayuwa. Me za ka yi ihu ka ce?"

"In ce gobara."

"A bakin teku? Ko motsi ba su yi ba."

"To su sha zamansu."

Ya ciro waya ya fara latsawa. Agogo ya dubi leɓɓansa masu maiƙo, ya ji kamar ya sa hannu ya zaro kalmar daga ciki. Tana nan. Ya rantse tana nan a ƙarƙashin harshen nan, shekara goma sha tara tana ruɓewa.

"Zan ƙirga uku. In na kai uku Kurciya ta mutu. Kuma kun san dokar, in ta mutu ta mutu, yaga takardar za a yi."

Yaya ta dafe takardar da tafin hannu.

"Auta, kada ka soma."

"Ɗaya."

"Abban yara, don Allah ka ajiye wayar nan ka faɗi wani abu!"

"Me zan faɗa? Murfin kwalba ne fa."

"Biyu."

"Shekara biyu ina tare da ita! Auta!"

Agogo bai ko dube ta ba. Idonsa na kan bakin Manaja. Ya ja numfashi zai ce uku.

Yaya ta buga tebur har kofi ɗaya ya tuntsure.

"Kai ka ce uwa ta kife mana! Ka yi ihu ka ce uwa ta kife, duk za su faɗa ruwa!"

Fanka na juyawa a sama. Ruwan kofin ya bi ta kan kalandar, ya jiƙa igiyar hagu, shuɗin biron ya fara narkewa.

Agogo bai motsa ba.

"Yaya," ya ce, muryar kamar ba tasa ba. "Me kika ce?"

"Uwa ta kife. Ba shi ne kiran ba? To na faɗa masa, ya jefa ƙwaya."

Manaja ya yi 'yar dariya, irin ta mai son a bar magana ta wuce.

"Maman yara, kin ba da mu. Kafe ake cewa. Ka-fe. 'Yar mai taru guda!"

"Kafe, kife, duk ba ɗaya ba ne? Mu a wajen banda, inda muke busar da kifi da hayaƙi, haka muke jiyo shi."

"Ɗaya? Tambayi kuncina. Ubanku ya taɓa kifa min mari a kan harafin nan, sai da na ga taurari da rana tsaka."

Agogo ya juyo da ƙyar.

"Kai? Yaushe ka taɓa riƙe igiya?"

Manaja ya ajiye wayar. Ya buɗe tafukan hannunsa biyu a kan tebur. A ƙarƙashin taushin da hutu ya kawo, ga wasu fararen layuka sun ratsa daga gefe zuwa gefe, irin waɗanda Agogo ya sani a hannun Baba.

"Shekara uku a igiyar hagu, kafin in koma ƙanƙara. Kana yawo ba wando lokacin."

Ya zuba wa Agogo ido. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Fitila biyu, inji biyu. Sahu biyu, bukka, mai gadi. Ka ɗauka jaki ne ni? Tun da ka zana akwatin nan na san inda ka dosa. Na yi shiru ne don kada a tayar wa matata da ciwo. To yanzu faɗa min, Mai agogo, me kake jira in ce?"

Likita ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya miƙe yana laluben makullinsa.

"Ni bari in leƙa shago, kamar na bar firiji a buɗe."

Ya fice. Ƙofa ta rufe.

Da Agogo na da hankalin da yake taƙama da shi, da nan ya naɗe kalandarsa ya ce wasa ya tashi. Amma Manaja na kallonsa da wannan ido na raini, kuma ya kasa jure a ce yau ma mutumin nan ne a sama.

"Kife nake jira ka ce."

"Don me?"

"Don wanda ya yi ihu ran nan kife ya ce. Baba ya faɗa min. Kowa ya ji abin da ya saba ji ya yi ruwa, shi kaɗai ya ji kuskuren. Shi ya sa ya koma bukka. Shi ya sa ya tarar da su."

Sai da maganar ta gama fita ya ji nauyinta. Ya yi sauri ya juya ga yayarsa, yana gina mata hanyar fita da hannunsa.

"Amma ai ke kin faɗa, Yaya. Duk matan banda haka suke ji. Kuna bayan tudu, iska na cinye rabin magana. Mata nawa ne a wajen? Sun fi talatin. Kowacce ma za ta iya..."

Ba ta jin sa. Idonta na kan ɗan akwatin da ya rubuta "bukka".

"Da an ce kafe," ta ce a hankali, "da ruwa zai shiga?"

"Maman yara," in ji Manaja. "Tashi ki duba wuta."

"Auta, tambayarka nake. Da an faɗa daidai, da ya bi su ruwa? Da bai koma ba?"

"Haka ya ce."

"Da ba su gan shi ba."

"Yaya..."

"Sau uku na maimaita musu." Muryarta ta tsinke. "Sau uku, don kada su yi kuskure."

Manaja ya runtse ido, ya jingina da kujera.

Agogo ya ji falon ya yi masa nisa. Wannan ce matar da ta goya shi bayan rasuwar Inna. Ita ta sayar da 'yan kunnenta ta saya masa hantsaki da gilashin ido ɗaya ranar da ya fara koyon gyara.

"Ke?"

"Ni."

"Yaya, ki ce wasa kike."

"Kai ne mai wasa. Ni na taɓa yi maka wasa?"

Ta share fuska da bayan hannu. Da ta ɗago, babu roƙo a idonta. Kallon da ta yi masa irin wanda ake yi wa yaron da ya fasa tulu yana jiran a yaba masa ne.

"Wasu baƙi biyu ne suka yi sati suna zuwa sayen kifi a wajen banda. Ko makaho ya san ba kifi ya kawo su ba. Ni na tare su. Ban karɓi ko allura a hannunsu ba. Abu ɗaya na ce su rantse min, ba za su taɓa kowa ba."

"Suka rantse miki. 'Yan fashi."

"Shekarata goma sha tara a lokacin, ɗan bani-na-iya. Kai a goma sha tara me ka sani ban da kwance agogon mutane ka kasa mayarwa?"

"Don me? Me Baba ya yi miki?"

"Ni? Ba abin da ya yi min. Kai zai yi wa."

Ta nuna shi da yatsa.

"Ruwa ya ci wanmu, Yaya Babba, ko gawarsa ba mu gani ba. Ba a cika wata takwas ba Baba ya kira ka ya auna tsawonka da filafilin tuƙa jirgi. Ka tuna? Ka ɗauka wasa yake maka, kana ta dariya. Ya ce ran Litinin ka bar makaranta, ka gaji wurin ɗan'uwanka a jirgi. Kai da ko a kwatami aka tsoma ka sai ka sha ruwa. Na durƙusa masa, na kama ƙafarsa. Ka san me ya ce? Mace ba ta da baki a maganar ruwa, in koma wajen hayaƙina."

Ta yi wata dariya marar daɗi.

"To na koma. Daga wajen hayaƙin nake jiyo kiran nasu. Da ya bar ni na matso kusa ko sau ɗaya, da na iya faɗarsa daidai."

"Kin raba shi da hannunsa."

"Na sani. Ni nake wanke dungun kullum safe da yamma. Kai Asabar kake zuwa."

Agogo ya sunkuyar da kai.

"Babu inji, babu jirgi," ta ci gaba. "Babu jirgi, babu Litinin. Shi ke nan lissafina. Ga ka nan da ranka, kana zaune a inuwa kana tsintar ƙananan kusoshi, har ka samu lokacin zana wa mutane tarko da biro. Ka kama min Kurciya da sha bakwai. Ka ɗauka ban gane ba?"

Agogo ya kau da ido daga kanta. Ya juya ga Manaja, ko zai samu inda zai sauke abin da ke ƙirjinsa.

"Kai ka sani?"

"Tun kafin a ɗaura. Ta ce in ji, in na ga zan iya, to. In ba zan iya ba in kama gabana."

"Kuma ka yi shiru."

"Shekara goma sha bakwai kana gaishe ni da hanci. Ka shigo gidana, ka ci abincina, ka dubi agogona ka taɓe baki. Eh, na san jabu ne, na san yana baya. Ka ɗauka ban san me kake raya min ba? Na bar ka. Gara ka zarge ni da ka zarge ta."

Wannan ta fi mari zafi. Duk shekarun nan Agogo yana jin kansa sama da mutumin nan, ashe a kan kafaɗarsa yake tsaye.

Manaja ya matso da kujerarsa, ya rage murya.

"Ka yi masa alkawarin suna, ko?"

"Yau."

"To ka ce ni ne."

"Abban yara!"

"Yi shiru, ba da ke nake ba. Mai agogo, saurare ni. Tsohon nan bai taɓa ƙaunata ba, ba abin da zan rasa. Ya tsine min, ya tofa min yawu, kwana nawa ya rage masa? Amma ita ce ke ba shi abinci a baki. In ka faɗi sunanta ba zai sake karɓar ko ruwa daga hannunta ba. Ni ba zai karɓa daga nawa ba, kai kuma ba ka san ko awa nawa ake juya shi ba. Yunwa za ta kashe shi kafin ciwon."

"In yi wa mai mutuwa ƙarya."

"Ka yi wa yayarka maguɗi ɗazu, ban ga hannunka ya yi rawa ba."

"Ba na son rufin asirinka," in ji Yaya. "Na gaji. Ya faɗa masa gaskiya. Ba shi ne mai gaskiya ba? Ya je ya faɗa."

Agogo ya dubi kalandar. Ruwa ya gama cinye bakin tekun, ya zama wani shuɗin dabbare. Ya saba da abu in ya lalace a buɗe bayansa, a nemo haƙorin da ya karye, a canja. Wannan ya buɗe, ya ga haƙorin, kuma in ya cire shi komai zai tsaya. In ya ce Manaja, ya ɗora wa marar laifi tsinuwar da za ta bi shi, kuma abin da ya fi ba shi kunya shi ne wani ɓangare na zuciyarsa har yanzu yana son ya faɗi sunan. In ya ce Yaya, ya biya ransa da nata. In ya ce bai samo ba, Baba zai dube shi ya gane, don bai taɓa iya yi masa ƙarya ba ko a kan ƙwallon da ya fasa taga.

Daga ɗakin baya tari ya taso, mai tsawo, sannan murya.

"Auta!"

Su ukun suka daskare.

"Auta, na ga takalminka ta labule. Asabar ce yau ko ba ita ba?"

Manaja ya kama hannunsa ya matse.

"Ni ne. Ka ji? Ni."

Yaya ta miƙa hannu kan tebur. Ta ɗauki takardar Kurciya, ta ninke ta biyu, ta yaga da kanta.

Agogo ya miƙe. Taku bakwai ne daga tebur zuwa ɗakin, bai taɓa sanin ya ƙirga su ba sai yau. Ya ɗaga labule. Warin man zafi ya tare shi. Baba na jingine da filo biyu, dungun hannunsa a kan bargo, idanunsa tar kamar ba shi ne ke kwance wata biyar ba.

"Matso, kunnen ya yi nauyi. Ka samo?"

"Baba..."

"Ka samo ko ba ka samo ba?"

"Na samo."

Tsohon ya lumshe ido ya daɗe. Da ya buɗe, ba Agogo yake kallo ba. Labulen da ke bayansa yake kallo, inda inuwar mutum biyu ta tsaya.

"Kafin ka faɗi suna, amsa min abu ɗaya. Kuma ka dube ni."

Agogo ya dube shi.

"Namiji ne, ko mace?"